Shekarar da Aka Ce Ƙafata Ce

Walida, Khalifa, tun kafin a kawo motar nan gidanmu nake jin tsoronta. Tsoron hatsari yana ciki, amma ba shi ne babba ba. Babban shi ne ta lalace a hannuna, a taru a kaina ana cewa daman an sani. Kun san hannuna. Tun ina yarinya a Kakau yake rawa in ido ya yi mini yawa, ba ciwo ba ne, haka aka yi ni. Makon da aka kawo ni gidan kakanku a unguwar Nasarawa ta Kaduna aka ce in kai wa baƙi shayi, kofi da faranti suka yi ta kaf-kaf-kaf tun daga kicin har falo. Gwaggonku Yaya Asabe, yayar babanku, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ikon Allah," ta ce. "Mun aika a kawo mana amarya, an kawo mana janareta."

Sunan ya zauna. Ban ma iya jin haushi sosai ba, tunda ni ma ina jin ƙarar kofin. Shi ya sa da babanku ya fara maganar mota sai tsoro ya kama ni. Shi kuwa ba don ado yake so ba. Ke Walida, kin san ciwonki na sikila ba ya sallama. Akwai ranar da ya tashi da damina, babanku yana Abuja wurin aikinsa na gyaran firji, ni kuma ina da tsohon cikin Khalifa. Na goya ki na fita bakin titi cikin ruwa. Keke mai taya uku ya zo a cike ya wuce, wani ya zo a cike ya wuce, kina ta cizon kafaɗata. Da muka isa asibiti abin da aka fara tambaya ta shi ne me ya sa na daɗe. Babanku ya dawo ya ji labari, kuma Khalifa bai fara rarrafe ba sai ga babanku da wata ƙaramar mota 'yar Kwatano, ruwan toka, irin wadda ba ta da kuloci. A filin ƙwallon bayan layinmu ya koya mini.

"Ƙafa ɗaya kawai take so," ya ce, "ta dama. Ta hagun ki ajiye ta kamar ba taki ba."

Yaya Asabe ta tsallako gada daga Unguwar Sanusi musamman don ta ce kada a yi. Ta ce ita ba ta hana mace tuƙi ba, amma a dubi wace macen. Babanku ya bari ta gama, sannan ya sa mini makullin a tafin hannu a gabanta, ya koma Abuja. Na ɗaura shi a bakin zanina, in na yi motsi ina jin sanyinsa a cinyata. Duk abin da zan ba ku labari a nan, a kan wannan makullin ne, ko zai zauna a wurina ko za a karɓe in koma tsayuwar bakin titi da yarinya a baya.

Wanda ya fi kowa murna da motar shi ne Baba, kakanku. Ya yi tuƙin babbar mota tun kafin a haifi babanku, sai da idonsa ya fara gajiya ya ajiye. Kowace Asabar da hantsi zai fito daga ɗakinsa na zaure da tsumma a kafaɗa, ya buɗe gaban motar, ya duba ruwa, ya zaro sandar mai ya kai ta dab da hancinsa, ya zagaya yana dukan tayoyi da gefen ƙafa. Daga nan ya koma ɗaki ya fito da wani dogon fayif na ƙarfe da ya kai mini ƙirji, wanda ya taho da shi daga tsohuwar motarsa. Ya kafa sifana a notin taya, ya zura fayif ɗin a hannun sifanar, ya yi bisimilla, ya ɗora ƙafa ya danna da duk nauyinsa har sai notin ya yi ƙiiit. Ya matsa na kusa da shi. Haka zai bi su a jere, taya bayan taya, yana haki. Ni ina tsugune a bakin ƙofa da ruwan wanke hannu. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin gyara ba. Kusa da addu'ar da yake mana in za mu fita na ajiye shi a raina.

"'Yata," yakan ce yana goge hannu, "inji in ya lalace a gefen hanya yake ajiye mutum. Taya ce ke kai shi inda ba a dawowa."

Na yi watanni ina tuƙi lafiya, kasuwa, asibiti, makarantar Walida. Ranar da abin ya fara ina hanyar Kakau ne zan gaishe da Inna mahaifiyata, ku biyu kuna baya. A titin Abuja akwai wata gangara kafin kwanar da nake shiga. Na sa sigina, na taka burki, sai sitiyari ya fara kaɗawa a hannuna, burkin kuma yana turo tafin ƙafata kamar wani yana ƙwanƙwasawa daga ƙasa. Na saki, ya daina. Na sake takawa, ya dawo. Da ƙyar na gangara gefe kusa da masu sayar da doya na tsaya. Na ɗaga hannuwana na kalla, suna rawa. To wanne ya fara? Motar ce ta girgiza ni, ko ni ce na girgiza motar? Na zauna a nan har mai doya ta leƙo tana tambaya ko ƙwarya nawa nake so.

Na yi shiru da maganar na wani lokaci, don a cikin gari ba ta yi. Sai na hau babban titi na ɗan yi gudu sannan take yi. Da na ga tana ƙaruwa na faɗa wa babanku a waya, shi kuma ya faɗa wa Baba. Baba ya karɓi makullin ya zagaya unguwa. Kun san layinmu, rami ne bayan rami, ko akuya aka hau sai ta yi rawa, kuma ba mai iya gudu a ciki. Ya dawo ya miƙo mini makullin.

"Lafiyarta ƙalau, 'yata. In mutum ya tsorata, ƙafarsa takan yi wasa a kan burki shi bai sani ba. Na sha gani a wurin masu koyo. Zai wuce."

Da faɗa ya faɗa da na samu abin riƙewa. Amma cikin tausayi ya faɗa, kuma mutum ne da ya tsufa a kan hanya, ni kuwa firamare kawai na gama. Sai na yarda. Na riƙa taka burki ina kallon gwiwata ta ƙasan ido, ko zan kama ta tana wasa.

Duk da haka babanku ya ce a kai ta gareji a huta. Akwai wani bakanike a Kakuri, Oga Bulus, mutumin kudancin Kaduna, gajere mai furfura a gemu, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Baba ya raka ni, fayif ɗinsa a kujerar baya. Da aka ɗaga motar da jak, Bulus ya ɗauko sifana, Baba ya tare shi.

"Bari, yaro. Tayar motar gidana ni nake kwancewa."

Bulus ya yi dariya ya ja da baya, ya ce shi rabonsa da a ce masa yaro tun kafin ya yi aure. Da taya ta fita ya tsuguna ya leƙa, ya shafa, ya girgiza kai.

"Ina jin kalifa ne ya riƙe."

Na kai hannu baya na dafa goyona.

"Me ya riƙe? Tun daga gida yana baya, bai taɓa komai ba."

Sai da Bulus ya zauna a ƙasa don dariya, Baba ma ya juya baya kafaɗarsa tana motsi. Ashe kalifa wani ƙarfe ne mai kamar baki, shi ke cafke faifan da ke bayan taya in an taka burki. Faifan kuma suna ce masa dis. To kai Khalifa, ka ji inda sunanka na gareji ya samo asali, har yau in Bulus ya gan ka sai ya ce ga mai riƙe burki. Bayan ya gwada ya ce a'a, ba kalifa ba ne, fuskar faifan ce ba daidai ba, wani wuri ya fi wani kauri. Aka kai faifan biyu wurin masu inji aka share musu fuska, aka sa sababbin fad, wato 'yan takalman da ke goga faifan. Bulus ya mayar da tayoyi ya ɗaure. Sai da muka iso gida Baba ya fito da fayif ya ƙara.

Rawa ta tafi. Na je Kakau na dawo kamar a kan tabarma. Na ce a raina ashe ba ni ba ce. Amma kafin sabuwar masara ta gama fitowa bakin titi sai na fara jin wani abu kaɗan-kaɗan a tafin ƙafa, kamar bugun zuciyar jariri. Ya yi ta girma har ya koma yadda yake.

Daga nan shekarar ta rikice mini. Aka sayi sababbin faifai wurin wani Emeka mai shagon kayan mota, rawa ta tafi, rawa ta dawo. Bulus ya ce kayan Emeka ne, Emeka ya zo har gareji ya ce hannun Bulus ne, suka yi ta yi da Turanci da Hausa har sai da Baba ya raba su, suka ƙare suna cin gyaɗa a takarda ɗaya. Kowa kuma da abin da zai ce mini. Wani ya ce wanke mota nake yi tana da zafi, na daina wankewa har ana rubuta suna da yatsa a gilashi. Wani ya ce ruwan kwalbatin bakin layinmu nake shiga bayan na sha taka burki, na koma zagaye ta bayan masallaci. Wani ya ce danne burki nake yi in na tsaya a cunkoso, na koma jan na hannu. Inna ta aiko da rubutu, rabi in sha rabi in yayyafa. Maƙwabciyarmu Maman Joy ta ce ita a cocinsu za ta sa sunan motar a addu'a, ta tambaye ni ko tana da suna. Duk na yi, duk na gode. Abin haushin kuma, duk zuwan da babanku zai yi sai ya faɗo dab bayan an gyara, ya hau ya zagaya ya dawo ya ce shi bai ji komai ba. Sai ya dube ni irin kallon da ake wa mara lafiyar da ba a so a faɗa masa.

Abu biyu na lura da su, kuma su ne suka hana ni sallamawa gaba ɗaya. Na farko, rawar tana bin gudun mota. In ina gudu sai ta yi sauri, tak-tak-tak, in motar ta kusa tsayawa sai ta yi sanyi, tak, tak, tak. Ni kuwa tsorona bai san gudun taya ba, in ya tashi kai ɗaya yake tafiya. Na biyu ke ce, Walida. Kin gano wani wasa: in mun doshi gangarar nan sai ki buɗe baki ki ja "aaaa", in na taka burki muryarki ta karye ta koma "a-a-a-a", ku yi ta dariya ke da ƙaninki. Na ce to, ai hannuna bai kai kujerar baya ba. Da na faɗa wa Yaya Asabe wannan ina jin na kawo hujja, sai ta tafa hannu.

"Shi ke nan, ita ma ta gado ki. Janareta ta haifi 'yar ƙarama."

Na dawo gida ina tunani, to in ƙafata ce ke danna burkin tana saki, ai dukan motar ce za ta girgiza, har muryar yarinya. Hujjar tawa ta narke a hannuna.

Bayan gyara na uku aka zauna a kaina. Babanku ya zo ƙarshen wata, Yaya ta zo, Baba yana kan buzunsa, ni ina bakin ƙofa. Yaya ta ce a daina wahalar da bayin Allah masu gareji, a sayar da motar, a samu wani mai Keke a unguwa a riƙa kiransa in ciwon yarinya ya tashi. Ta ce ba ƙiyayya ba ce, 'ya'yan ƙaninta take ji, ranar da ƙafar nan za ta yi wasa a gaban tirela wa za a kama? Kuma wallahi ban ce ƙarya take yi ba, don ni ma na sha ganin tirelar nan a raina. Sai babanku ya juyo wurina.

"Maman Walida, in rawar nan ta sake dawowa bayan wannan, ki ba Baba makullin ya ajiye. Ba wai ban yarda da ke ba ne."

Na ce to. A raina kuwa ina ganin mai Keken nan, wayarsa a kashe, ko yana can Sabon Tasha da fasinja, ana ruwa.

Rawa ta dawo. Ban faɗa wa kowa ba. Wata Asabar Baba ya gama aikinsa na tayoyi ya wanke hannu ya tafi ta'aziyya, na kai ku wurin Maman Joy, na tafi Kakuri ni kaɗai. Duk zuwan da na taɓa yi da Baba nake yi.

"Oga Bulus, yau ba gyara na zo ba. Shiga za ka yi mu je inda take yi."

"Ni da ke, Madam, a titin Abuja? So kike Baba ya zo da fayif ɗin nan ya auna kaina?"

Matarsa, Maman Rifkatu, tana sayar da shinkafa da wake a gefen garejin. Ta rufe tukunya, ta kwance gyalen ƙugunta ta yafa.

"Mu je, ni zan zauna a baya. Daman tun da na aure shi bai taɓa fita da ni shan iska ba."

Muka hau titi. Da muka doshi gangarar na taka, ta yi rawarta, har madubin cikin mota yana kaɗawa. Idon Bulus yana kan ƙafata. Ya ce in tsaya in sauka. Muka yi musanya, ya juya da motar ya koma sama, ya taho da gudun da ya fi nawa, ya taka. Sitiyari ya yi ta fizgar hannunsa, abin da ke cikin aljihun ƙofa duk yana kaf-kaf. Sai ga muryar Maman Rifkatu daga baya.

"Bulus, ashe kai ma tsoro kake ji?"

Na so in yi dariya sai hawaye suka riga. Bulus ya tsaya gefe ya ce, "Madam, ba ƙafarki ba ce. Mu ne muka yi ta gwada ta a lungu." Na ji daɗi, amma daɗin bai daɗe ba, don in ba ni ba ce to mene ne, kuma me zai hana ta dawo?

A gareji ya ɗauko sifana zai kwance taya, noti ya ƙi motsi. Ya hau da ƙafa, ya ƙi. Ya gwada na gaba, haka. Ya aro dogon ƙarfe wurin mai walda, suka taru su biyu, na farko ya saki da ƙara, na biyu kuwa sai da ƙusar da yake kai ta karye fat. Bulus ya ɗauki guntun yana juyawa, zufa tana ɗiga daga gemunsa.

"Wa ke ɗaure tayar nan? Ni ba haka na bar ta ba."

Ya dube ni, ya dubi kujerar baya inda fayif yakan kwanta.

"Baba?"

"Kowace Asabar," na ce.

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya riƙe kai. Ya ce shi duk zuwan da muke yi Baba ne ke kwancewa, bai taɓa jin ƙarfin ɗaurin da hannunsa ba. Ya ce ɗaurin babbar mota daban, na ƙarama daban. Ya ɗauko murfin tukunyar matarsa ya nuna mini: in ka danne gefe ɗaya da ƙarfi kafin sauran, ɗaya gefen ɗagawa yake yi. Faifan ma haka, in aka matse noti ɗaya har ƙarshe sannan aka bi na kusa da shi, sai ya zauna a ɗan karkace, karkatar da ido ba ya gani. Kullum yana juyawa fad yana lasar wuri ɗaya, bayan makonni wurin ya fi sauran siranta, sai rawa. Na ce to an gano ke nan. Amma da ya cire faifan sai ya tarar da tsatsa ta yi ɓawo a mazaunin da faifan ke kwanciya, ya ce kai, wannan ma kaɗai yana iya karkatar da shi, kuma laifinsa ne da bai taɓa gogewa ba. Ya zaro 'yan sandunan da kalifa ke zamewa a kansu, ɗaya ta bushe ƙamas ba giris, ya ce wannan ma yana iya sawa. Ya goge tsatsar da samfefa har wurin yana ƙyalli, ya shafa giris, ya canza ƙusar da ta karye, aka sake share faifan, ya ɗaure notin a hankali yana tsallake ɗaya, kamar mai zana tauraro, ya zagayo ya ƙara kaɗan.

"To wanne ne a ciki?" na tambaye shi.

"Allah ya sani, Madam. Ko ɗaya, ko biyu, ko duka. Amma fayif ɗin nan ni ban yarda da shi ba. Bari in zo gida in faɗa wa Baba da kaina, cikin ladabi. Kowa ya ji ba ke ba ce."

Abin da nake nema ke nan tun farkon shekara, ga shi an miƙo mini. Na ga fuskar Yaya Asabe a raina. Amma akwai abin da babanku ya taɓa faɗa mini sau ɗaya bai sake ba. Lokacin Baba yana tuƙi, wata rana taya ta fice daga motarsa tana gudu, ya gan ta ta wuce shi, ta faɗa cikin mutanen da ke jiran mota a bakin hanya. Wata tsohuwa ba ta sake takawa ba. Baba ya yi ta zuwa gaishe ta har ta rasu. Tun daga ranar ba notin da ya wuce ta gabansa bai ƙara masa ba. Wannan mutumin za a zaunar a gaban 'ya'yansa a ce masa hannunsa ne ya yi ta girgiza jikokinsa a titin Abuja, alhali shi kansa Bulus bai tabbata ba?

"Kada ka zo," na ce.

"To ki ɓoye fayif ɗin."

"Zai samo wani."

"To me kike so a yi?"

"Ban sani ba."

Maman Rifkatu ce ta karɓi murfin tukunyarta ta goge ta ce, "Ku ma dai. Tsoho ya ɗaure abinsa, ita ta lallaɓo nan ka sassauta. Ina wahalar take?"

Haka aka yi. Asabar ta zo, Baba ya fito da tsumma da fayif, na tsuguna da ruwan wanke hannu, kowane ƙiiit ina jin sa a haƙorina. Na buɗe baki zan ce "Baba", ya juyo yana haki yana murmushi, sai na ce masa sannu da aiki. Da ya shiga ɗaki na ce zan je cefane, na lallaɓa Kakuri kamar mai ɗauke da ƙwai. Bulus ya kwance yana mita, ya sake ɗaurewa irin nasa. Har ya ajiye wani dogon ƙarfe musamman a bayan ƙofa, yana ce masa ƙanin Baba.

Watanni suka wuce ba ta dawo ba. Bayan ƙaramar Salla aka ce a je a gaishe da Inna gaba ɗaya, kuma ni zan ja. Baba a gaba, babanku da Yaya da ku a baya. Na san gwaji ne, kowa ya sani, ba wanda ya faɗa. Da muka doshi gangarar motar ta yi tsit, ke Walida kika ja "aaaa" ɗinki, na taka burki, muryarki ta tafi santal har muka shiga kwana.

"A'a!" in ji Yaya Asabe. "An kawo wuta ke nan, janareta ta huta."

Baba ya gyaɗa kai yana kallon hanya.

"Na faɗa muku tsoro ne. Ga shi ya sake ta. Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Na ce amin. Babanku ya miƙo hannu daga baya ya dafa kafaɗar kujerata, kuma daga ranar ba wanda ya sake maganar makulli. Shi ma ban faɗa masa ba, don ba ya iya riƙe magana a gaban mahaifinsa. Sau da yawa bayan nan ciwonki ya tashi, Walida, kuma ko sau ɗaya ban sake tsayawa bakin titi ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, kwanaki na ji ki a tsakar gida kina ba ƙawarki labari, wai da can Mamanki tsoro take ji har mota ta riƙa rawa. Kun yi dariya, ni ma na yi daga kicin. Amma ban so ku girma da shi a haka ba. Sai dai ba zan ce muku na gane komai ba. Akwai shekarar da Bulus ya tafi ƙauyensu Kirsimeti ya daɗe, ɗaurin Baba ya zauna a tayoyin duk tsawon lokacin, kuma ba rawar da ta dawo. Bulus ya ce ai lokacin bai isa ba. Wataƙila. Wataƙila kuma tsatsar ce tun farko, ni kuwa ina ta zaryar Kakuri a banza ina zargin tsoho a raina. Wani lokacin ma a gangarar nan nakan ji wani ɗan motsi a tafin ƙafa, in kasa kunne, in rasa ko daga ƙasa yake ko daga ni.

Roƙona biyu ne. In wannan ya zo hannunku kakanku yana raye, kada ku kai masa, kada ku kai wa gwaggonku, in kun gan shi da fayif ku kawo masa ruwan wanke hannu. In kuma a cikinku akwai wanda Allah ya ba ilimin ƙarfe, ya zo ya zaunar da ni ya faɗa mini a hankali, tsakanin tsatsa da giris da hannun Baba, wanne ne.